Zan iya ajiye babbar waya in koma ƙarama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Zariya. Mun yanke shawara da maiɗakina mu cire talabijin daga falo, ni kuma in ajiye babbar wayata in koma ƙarama mai madannai, saboda yara sun rage karatu, hira ma ta mutu a gidan. Damuwata ita ce banki da WhatsApp da labarai. Zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zai yiwu Malam, kuma ina goyon bayanka. Sai dai akwai aikin da za ka yi kafin babbar wayar ta bar hannunka.

Harkar banki ba ta buƙatar intanet. Da ƙaramar waya za ka tura kuɗi, ka duba asusu, ka sayi kati ta lambar USSD: GTBank *737#, First Bank *894#, Zenith *966#, UBA *919#, Access *901#. Ana cirar naira 6.98 a kowane shiga, kuma dole ya zama layin da ka yi rajista da shi a banki.

A nan ne nake so ka natsu. Ƙaramar waya ba ta da makullin yatsa ko na fuska, kuma ɓarawo bai damu da ita ba, layin yake nema. Idan ya zare shi ya sa a wata wayar, *565*0# kawai zai danna BVN ɗinka ya fito, saƙonnin banki ma su riƙa zuwa masa. Don haka ka shiga saitin tsaro ka sa wa layin kansa lambar sirri, wato PIN na SIM, ka canza wadda kamfani ya ba da. Kuskure uku yana kulle layin har sai an sa PUK, wanda ke rubuce a jikin katin da layin ya zo a ciki. Ka nemo katin nan ka adana tun yau, domin kuskure goma a PUK yana kashe layin gaba ɗaya.

WhatsApp ne mai wuyar. Za ka iya buɗe shi a kwamfuta, amma sai an jingina shi da babbar waya, kuma idan ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, kwamfutar za ta fita. Shawarata kada ka sayar da wayar. Sa ta a durowa, ka kunna ta sau ɗaya a mako don zauren dangi da na makarantar yara, ka kuma gaya wa 'yan'uwa cewa rasuwa ko haihuwa kira za su yi.

Labarai kuwa rediyo ya wadatar. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shirye-shirye, ga DW da RFI da tashoshin FM na kusa da kai. Yawancin ƙananan wayoyi suna da FM, wasu sai an jona abin sauraro na kunne domin shi ne eriyarsu.

Lambobin mutane ma ka lura. SIM ba ya ɗaukar fiye da 250 a mafi yawan lokaci, sauran suna cikin asusunka na Google. Ka zaɓi waɗanda kake kira ka kwafa su cikin layin, hotunan iyali kuma ka juye su a kwamfuta ko memori.