Dalilin da alamar amsarka ta juye a (−1 + i√3)⁵

Ƙanena, ka ce kana shekarar farko a jami'ar KNUST da ke Kumasi, kuma ka samu 16 + 16√3i amma malami ya ce ba daidai ba. Malam ya yi gaskiya, matsalar tana wajen kusurwa.

Tsawon lambar shi ne √(1 + 3) = 2. To amma da ka danna tan⁻¹(−√3), kalkuleta ta ba ka −60°, domin maɓallin nan ba ya fita daga tsakanin −90° da 90°. Zana ɗigon a takarda tukuna: −1 yana hagu, √3 yana sama, wato kwata ta biyu. Kusurwar gaskiya 120° ce, sai ka ƙara 180° a kan abin da ta ba ka.

Yanzu ƙa'idar De Moivre, wadda ta ce a ɗaga tsawon zuwa ƙarfin (a nan 5), a kuma ninka kusurwar da ƙarfin: 2⁵ = 32, kuma 5 × 120° = 600°. Cire 360°, saura 240°. Da cos 240° = −1/2 da sin 240° = −√3/2, amsar ita ce −16 − 16√3i.

Da a ce ƙarfin 6 ne, kuskuren ba zai fito ba, duka hanyoyin 64 za su ba ka. Shi ya sa nake nacewa a kan zanen. Duba kuma kalkuletarka tana kan digiri, ba radiyan ba.