Kafin a karɓe masa wayar, ki sa ya nuna miki abin da yake koyo

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya shirya mana su baki ɗaya, ya raba su da sharrin zamani.

Kin ce yaronki shekararsa 15, yana SS1, kuma tun da kawunsa ya saya masa waya barcin dare ya ƙaurace masa. Malamai sun fara ƙorafin yana gyangyaɗi a aji, hira da ku ta ragu, in an matsa masa da tambaya sai ya ce gyaran waya yake koyo a YouTube. Babansa ya ce a karɓe ta a kulle sai ya gama sakandare, ke kuma zuciyarki ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ni malamar sakandare ce a nan Kano, kuma na raini matasa a ɗakina, nawa da na riƙo, maza da mata. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Ra'ayina shi ne kada a karɓe ta gaba ɗaya, kuma kada a bar ta ta ƙara kwana a hannunsa ko da dare ɗaya ne.

Ki zauna ki lissafa yinin yaron nan tukuna. Ya tashi da asuba, ya yi tilawa ko ya biya hadda, ya yi shirin boko, bakwai da rabi yana makaranta. Sai wajen ƙarfe biyu a tashe su. Kafin ya ci abinci ya watsa ruwa la'asar ta yi, ya ɗauki jaka ya nufi Islamiyya, ba zai dawo ba sai gab da magariba. Tsakanin magariba da isha akwai aike, akwai ɗebo ruwa in famfo bai kawo ba, ga aikin da aka ba su a makaranta. To wane lokaci ne nasa na kansa? Dare ne kaɗai. Ga shi kamfanonin layi sun fi sayar da data da araha a tsakar dare zuwa asuba, kuma a unguwanni da yawa a lokacin ne ake kawo wuta. Yaron da kuɗin tararsa ne kuɗin datarsa dole ya bi inda arahar take. Ban ce ya yi daidai ba. Likitoci sun ce matashi daga shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma, wanda ya kwanta ƙarfe biyu aka tashe shi biyar kuwa awa uku ya samu. Ina ganin irinsu a aji kullum, idanu jawur, ka yi musu bayani sau uku bai shiga ba, kuma ba daƙiƙai ba ne. Amma in kin san dalilin da ya sa ya zaɓi dare, maganin zai zo miki da sauƙi.

A gidana ƙarfe goma na dare duk wayar yaro tana ɗakina, a nan take caji, a nan take kwana. Dokar ta hau kan kowa, babba da ƙarami, don kada wani ya ga shi aka tsana. A madadin haka na ware musu lokaci da rana wanda ba na aiken kowa a ciki, musamman yammacin Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, kuma nakan cika musu kuɗin datar rana don kada arahar dare ta ja su. Wannan ciko shi ya kashe gardamar.

Dalilin da ya sa na ce kada a ƙwace kuwa, na sha ganin ƙarshen hakan a wurin ɗalibaina. Yaron da aka karɓe wa waya ba ya daina riƙe waya. Zai tara kuɗi ya sayi 'yar kwance, ya ajiye ta wurin mai cajin bakin layi ko a jakar aboki, ya riƙa dannawa a lungu. Da kina iya leƙawa ki ga abin da yake yi, yanzu ba ki ma san akwai ta ba. Sannan ki tuna nan da shekara biyu zai zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Na ga yara masu ƙoƙari da hannunsu ke rawa a gaban kwamfuta don ba su saba da komai irin wannan ba.

Maganar gyaran waya ita na fi so ki riƙe da kyau, don irinta ta faru da ɗana na fari. Abu ne mai sauƙin tantancewa. Ki kira shi lokacin da ranki yake a sanyaye, ba a gaban ƙannensa ba, ki ce ya nuna miki abin da ya koya. Ki miƙa masa wata tsohuwar wayar gidan da ta daina caji. Wanda yake koyo da gaske za ki ga fuskarsa ta washe, bakinsa ya buɗe, ya yi ta zuba har ki gaji. Wanda ya fake da koyon kuwa zai kama kame-kame. Nawa da ya fara nuna min, mamaki ne ya kama ni. Bidiyon wasu masu gyara na Indiya da Pakistan yake kallo, ba ya jin yarensu ko kaɗan, hannunsu kawai yake bi da ido yana tsayarwa yana maimaitawa. A haka ya gane yadda ake auna batir da mita, yadda ake ɗaga sikirin ba a fasa ba, yadda ake narka dalma a canza ramin caji. Ya gyara fitilar caji, ya gyara rediyon kakarsa. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya biya masa kuɗin koyo.

Abin da muka yi bayan nan shi ne ainihin shawarar da zan ba ki. Mun fitar da abin daga cikin waya zuwa hannun mutum. Babansa ya samu wani mai gyara da ya yarda da tarbiyyarsa a kasuwar Farm Centre, ya kai shi da kansa a dogon hutu, ya damƙa shi kamar yadda iyayenmu suke kai yaro wurin tela ko maƙeri. Da aka koma makaranta sai ya zama yammacin Alhamis da Juma'a kawai yake zuwa. A can ya koyi abin da babu bidiyon da zai koya masa. Ranar farko ubangidan ya ce masa wayar mutane amana ce, in ya taɓa kama shi ya buɗe hotunan wani ko saƙonninsa, ranar zai bar shagon. Ya koyi gaya wa mai kaya gaskiya in gyaran ya fi ƙarfinsa. Ya koyi haƙuri da wanda ya zo yana faɗa. Ya koyi cewa in ka lalata kayan mutum kai za ka biya. Kallon bidiyon bai daina ba, amma ya koma kallon mai neman amsar matsalar da ya bari a kan tebur, ba kallon mai kashe dare ba. Kuma gajiyar kasuwa takan sa shi barci tun kafin goman ta yi.

Ba kowane yaro ne mai gyara ba. Wani zanen katin biki da fosta yake koyo a Canva ko PixelLab, wani haɗa bidiyo a CapCut, wani ƙwallo ce ta cika masa kai, ya san 'yan wasan Firimiya da ƙasashensu fiye da yadda ya san sunayen jihohin Najeriya. Kowanne akwai babban da za a iya haɗa shi da shi a unguwa ko a dangi.

Mata kuma nasu daban ne. 'Yar ƙanwata da nake riƙo fina-finan Koriya ne suka ɗauke mata hankali. Na zauna na kalli wasu tare da ita, na hana waɗanda ban yarda da su ba, na gaya mata dalili. Wata rana na tarar da ita tana rubuta wasu alamomi a bayan littafinta, ashe rubutun Koriyawan ta koya da kanta. Ita ta gaya min ginshiƙan baƙaƙe da wasulansa da ake amfani da su yau 24 ne, kuma wani sarkinsu mai suna Sejong ne ya sa aka ƙirƙiro shi a 1443 don talakawa su iya karatu. Na ji daɗi ƙwarai, don yarinyar da ta iya zama ta koyi wannan ba malami, za ta iya koyon komai in an nuna mata hanya. Daga baya zanen lalle ya ja ta, yanzu ita ke yi wa 'yan gidanmu da sallah. Inda na tsaya mata kai da fata shi ne littattafan da ake turawa a guruf-guruf na WhatsApp. Akwai masu kyau da ma'ana, marubutansu sun san abin da suke yi. Akwai kuma waɗanda batsa ce tsagwaronta, da Hausar da yarinya 'yar shekara 13 za ta gane kowace kalma. Iyaye da yawa in sun ga yarinya shiru tana karatu sai hankalinsu ya kwanta. Ki karɓa ki karanta shafi biyu daga tsakiya, ba daga farko ba.

Yanzu abubuwan da nake jin tsoro da gaske, waɗanda suka fi gyangyaɗi a aji haɗari.

Kuɗi. A 2024 da Notcoin, wani wasan danna waya a Telegram mai raba kuɗin kirifto, ta fashe wasu suka samu rabonsu, kowa ya ga yadda matasanmu suka dukufa danna waya dare da rana da sunan mainin, wato haƙo kuɗin intanet. Waɗanda suka biyo bayanta da yawa abin da suka raba bai taka kara ya karya ba. Asarar data da lokaci ba ita ta fi damuna ba. Abin da ya zauna a kan yaran shi ne ana iya samun kuɗi ba tare da an iya komai ba, kuma daga nan zuwa cacar ƙwallo taku ɗaya ne. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a shekarar, amma wadda ke cikin waya ba ta da ƙofar da za a garƙame. Don haka ki san daga ina kuɗin datarsa ke fitowa. In kin ga kuɗi a hannunsa da ba ki san asalinsu ba, ko ya fara yawan rance, ko ƙananan kuɗi sun fara ɓata a ɗaki, kada ki jira. Ki kuma tambayi kawun da sunan wa da NIN ɗin wa aka yi rajistar layin, domin duk abin da aka aikata da shi mai sunan za a nema. Ki ja masa kunne kada ya ba kowa aron lambar asusu don a turo kuɗi ya fitar, kada kuma ya tura wa kowa lambobi shidan nan da ke shigowa ta saƙo, ko da sunan abokinsa aka nema, don ta haka ake sace WhatsApp ɗin mutum a damfari danginsa.

Sai baƙin mutane. Wannan ba 'yan mata kaɗai yake ci ba. Akwai masu buɗe shafi da hoton kyakkyawar yarinya, su ja yaro da hira har ya tura hoton da bai kamata ba, daga nan su juya su ce ya biya ko su tura wa iyayensa da 'yan makarantarsu. Yaro mai kunya zai iya yin sata, zai iya cutar da kansa, kafin ya buɗe baki ya faɗa. Na san nauyin maganar a tsakanin uwa da ɗa, musamman ɗan fari. In ba za ki iya ba ki sa kawun nan nasa. Amma dole wani ya gaya masa tun kafin ta faru cewa ko me ya aikata a waya, in aka yi masa barazana ya zo gida ya faɗa, za a fara kare shi kafin a yi masa faɗa. Kuma in ya zo ɗin a cika alkawari.

Akwai kuma guntayen wa'azi na minti ɗaya da ake yankowa daga dogon karatu. Yaro ya kalli ashirin a dare ɗaya, gari ya waye yana ganin kowa a gidan bai iya addini ba. Ba na gardama da su a kan wannan. Nakan ce ya rubuta mas'alar ya kai wa malaminsu na Islamiyya, ya dawo ya gaya min abin da aka ce. Son addinin alheri ne, malami mai fuska da suna yake buƙata.

In wayar Android ce, akwai manhajar Family Link ta Google da za ki iya sa wa lokacin da wayar za ta kulle kanta, ki kuma ga manhajojin da ya fi daɗewa a kai. TikTok ma tana da Family Pairing, kuma tun 2023 ta sa iyakar minti 60 a rana ga 'yan ƙasa da shekara 18, sai dai wannan yana aiki ne in yaron ya saka shekarunsa na gaskiya lokacin buɗe shafin, yawancinsu kuwa ƙari suke yi. Ki sa da saninsa, a gabansa. In kin yi a ɓoye ya gano, zai koyi ɓoye miki shi ma, kuma ya fi ki sanin wayar.

Shirun da kika ce yana yi, wani ɓangarensa na shekarun ne, samari sukan janye jiki daga iyaye mata a wannan lokacin. Amma in ya haɗa da ƙin cin abinci, ko daina fita wurin abokai, ko firgita in saƙo ya shigo, wannan ba shekaru ba ne, a zaunar da shi a ranar.

Babansa kuma kada ki tare shi da cewa bai yi daidai ba, tsoron da yake ji gaskiya ne. Ki nemi ya ba ki zango ɗaya na karatu a kan sharuɗɗa: waya ta kwana a ɗakinki, sakamakon jarrabawa kada ya sauka, sallar asuba a masallaci. In yaron ya karya, a karɓe ta na mako biyu, ya san tun farko haka aka yi da shi. Sannan ki roƙi baban ya zama shi zai nemo mai gyaran da za a kai shi wurinsa a hutu mai zuwa, ya kuma kai shi da ƙafarsa.