Tambaya da Amsa: Da Gaske Akwai Sirri a Zanen Da Vinci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jidda. Mun kalli fim ɗin The Da Vinci Code na 2006 ni da abokaina, sai gardama ta kaure. Wai ana gano ɓoyayyen saƙo a jikin zane da wata fitila? Kuma mace ce a dama da Annabi Isa (AS) a zanen cin abincin dare na ƙarshe?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Masu irin wannan fim kan dama abu uku wuri guda: zane na gaske, na'urar bincike ta gaske, da labarin addini da marubuci ya ƙaga.

Zanen yana nan a bangon ɗakin cin abinci na gidan ibadar Kirista mai suna Santa Maria delle Grazie, a birnin Milan na Italiya. Leonardo da Vinci ya yi shi tsakanin 1495 da 1498, faɗinsa kusan mita 9, tsayinsa mita 4 da rabi. A zamanin ana shafa launi ne a kan ɗanyen yaɓe, su bushe tare. Shi kuwa, don yana son aiki a tsanake, ya shafa a kan busasshen bango. Launin bai kama ba, danshi ya shiga ƙarƙashinsa, ya fara ɓarewa tun Leonardo yana raye. An sha yi masa kwaskwarima, gyara na ƙarshe ya ɗauki daga 1978 zuwa 1999. Fuskar da ta sha hannu haka ba a kafa hujja da laushinta a ce ta mace ce.

Wanda ke dama ɗin almajiri Yohana ne. Masu zanen Italiya sun saba fito da shi saurayi marar gemu mai dogon gashi. Ka ƙirga mutanen teburin: goma sha uku ne, Annabi Isa da almajirai goma sha biyu. Idan mace ce, ina Yohana? Batun aure da fim ɗin ya rataya a kai, wai Annabi Isa ya auri Maryamu Magadaliya, macen da fim ɗin ke cewa ita ce a zanen, babu shi a Alƙur'ani, babu shi a Linjila huɗu da Kiristoci ke riƙe da su. Ƙungiyar asirin da fim ɗin ya ce ta daɗe tana tsare wannan sirrin kuwa, wani Bafaranshe, Pierre Plantard, ya yi mata rajista a 1956, aka biyo da takardun jabu.

Fitilar gaskiya ce, sai dai aikinta daban. A ƙarƙashin hasken ultrabayolet tsohon banish (man sheƙi da ake shafawa a kan zane) yana ƙyalli kore-kore, inda aka yi faci daga baya ya fito baƙi. Hasken infared yana ratsa fenti ya nuna zanen gawayi na farko. Hoton eksire yana kama farin fenti mai dalma, shi ya sa ake ganin inda mai zane ya sauya ra'ayi.

In warware rubutun sirri ne ya burge ka, nemi Al-Kindi na Bagadaza, a ƙarni na 9. Dabararsa ita ce ka ƙirga sau nawa kowace alama ta fito a saƙon, ka jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, ka gwada su da haruffan da suka fi yawa a harshen; a Larabci alif da lam ne kan gaba. Tana cin tura idan saƙon gajere ne, domin a layi ɗaya ko biyu ƙirgen ba ya daidaita.