Mutumin da ka yi ta haɗuwa da shi

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce sau uku kana cin karo da wani dattijo mai jar dara: a tashar Unguwa Uku, a ɗaurin aure a Zariya, sai kuma a masallacin Juma'a. Abokanka sun ce ko aljani ne, kai kuma kana tambaya me manya ke yi in haka ta faru.

Aljanin da ke biyan kuɗin mota? Ka bar zancen nan.

Abin da ya dame ni, duk sau ukun ba ka yi masa magana ba. A tarbiyyar da muka taso, haɗuwar farko sallama ta wadatar. A ta biyu, kai yaro kai za ka je ka rusuna ka ce, "Baba, kamar na san fuskar nan." Daga nan sai tambayar gari, unguwa, gidan wa. Da wuya a yi nisa ba a faɗo kan wani da kuka sani tare ba. In ya ce Bazazzage ne, to ka samu abokin wasa, ka tsokane shi, ba zai yi fushi ba.

Kakanninmu fataken goro haka suka rayu. Wata da watanni suna tafe da jakuna zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, kuma wanda kuka sha ruwa tare a zango ɗaya, shi za ka tarar a na gaba, don hanyar ɗaya ce, lokacin tashin ayari ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma abin bai sauya ba. Ni kaina wani mai sayar da fata mun raba rogo da ƙuli a jirgin Legas, bayan shekaru na ji an dafa kafaɗata a Mina, sai ga shi da harami. Mahaifiyarka ta san shi, shi ya kawo buhun gero ranar sunanka. Malamai kan kawo hadisin da ke cewa rayuka runduna ce, waɗanda suka san juna sai jininsu ya haɗu.

Sai dai zamani ya lalace. Ku gaisa a cikin mutane, kada ka faɗa masa ranar tafiyarka ko inda kake kwana tukuna.

Juma'a mai zuwa ka sayi goro fari guda biyu ka sa a aljihu. In ka gan shi, ka tambayo mini sunan unguwarsu.

Kawunka