Wiskin da ya kwana a gangar giyar inabi: in saya wa oga ko in bari?

Tambaya: Ni ɗan Kafanchan ne, Kirista, ina aiki a Aberdeen ta ƙasar Sikotland. Ogana Bature zai yi ritaya, 'yan ofis sun haɗa kuɗi sun ce ni zan sayo masa wiski tunda mutumin mai son abin ne. Na shiga shago na ga wata kwalba ja-ja mai kyau an rubuta single malt, wai ta kwana a gangar giyar inabi, kuma ta fi na kusa da ita tsada. In ɗauka?

Amsa: Toh ɗan'uwa, dakata tukun, kar kala ta ɗauke maka hankali. Dokar wiskin Sikotland ta 2009 ta yarda a ɗiga masa kalar karamel ya yi duhu, saboda haka duhun kwalba kaɗai ba ya nuna tsufa ko kyau. Abin da dokar ta tilasta shi ne a yi shi a Sikotland, ya zauna a gangar katakon oak aƙalla shekara 3, ƙarfinsa kar ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Single malt kuma ma'anarsa daga matatar wiski ɗaya ya fito, ruwa da tsiron sha'ir aka yi shi da su, babu haɗin wani hatsi. Shekarun da ka ga an buga a jiki na mafi ƙanƙanta ne a cikin abin da aka zuba.

Yanzu maganar ganga, wadda ita ce ainihin tambayarka. Yawancin wiskinsu a tsofaffin gangunan bourbon, wato wiskin Amurka, yake kwana, don can doka ta ce sabuwar ganga za a riƙa sa wa bourbon, sai tsofaffin su yi araha 'yan Sikotland su kwashe. Gangar giyar inabi kuwa iri biyu ake amfani da ita kuma nan ne ake rikita mai saye. Akwai wanda tun ranar farko a cikinta ya zauna har aka ɗura shi a kwalba, akwai kuma wanda ya yi shekarunsa a gangar bourbon sai daga ƙarshe aka juye shi a ta inabi na wasu watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu, shi ne za ka ga an rubuta finish. Na biyun ba aibu ba ne fa, matatun Glenmorangie da Balvenie da shi suka yi suna, amma wasu kamfanonin gaskiya rufa wa ɗanyen wiski asiri suke yi da shi, su sa masa ja da ɗan zaƙi su ƙara kuɗi. In ka ga finish babu shekaru a jiki kuma ga tsada, ni dai zan ajiye.

Sannan wace giyar inabin? Sheri ta Sifaniya tana ba da ƙamshin zabibi da busasshen dabino da kayan yaji, irin na matatar GlenDronach, wadda ma kusa da kai take wajen garin Huntly tun 1826. Port ta Fotugal ta fi kawo ɗanɗanon jajayen 'ya'yan itace da cakulan, misali Quinta Ruban na Glenmorangie. Sauternes ta Faransa zuma-zuma take da ɗan lemo. Amma jar giyar inabi ta tebur, irin Amarone ta Italiya da matatar Arran ke amfani da gangarta, ita ce mai raba kan mashaya, tana barin bauri a harshe kamar ka tauna goro, wani yana so wani ko kyauta ba ya so. Wani lokacin ma akan ji warin ashana da aka kyasta, don masu giyar inabi suna ƙona farar wuta a cikin ganga kar ta lalace.

Shawarata, kafin ka kashe kuɗin jama'a ka bincika me ogan yake sha, tambayi wanda suke fita tare. In mai son na tsibirin Islay ne masu warin hayaƙi irin Laphroaig, wannan mai zaƙin ba lallai ya burge shi ba. In ba a gano ba ka ɗauki mai sheri ɗan shekara 12, da wuya a ƙi shi. Kai kuma in kana sha, nemi ƙaramar kwalbar nan mai mililita 50 ka gwada tukun, a kofin gilashi mai tsukakken baki, ka sansana a hankali baki a ɗan buɗe, ka kurɓa kaɗan, sai ka ɗiga ruwa digo biyu-uku ka sake ji. Banda ƙanƙara, tana kashe ƙamshin. Kuma shagunan can ba sa sayar da giya bayan ƙarfe 10 na dare, kar ka bari sai daren walima.

Tambaya: Ni ma a Sikotland nake, a birnin Glasgow, Musulma ce, an ce mu yi karo-karo a saya wa abokin aiki wiski, ina jin nauyin in ce a'a.

Amsa: 'Yar'uwa ba sai kin ji nauyi ba, hukuncin a fili yake, haramcin bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai saye da mai kaiwa. Ki gaya wa mai tara kuɗin a gefe cewa addininki bai yarda ba amma za ki kawo taki kyautar daban, mutanen can sun saba jin haka. Ki samo masa hula ko jakar kuɗi ta ulun Harris Tweed, ko gwangwanin biskit ɗin shortbread. In kek ko cakulan za ki saya ki karanta bayan kwalin da kyau, a Sikotland har cikin waɗannan sukan zuba wiski.