Amsa: Me ya sa tsofaffin kalmomin farauta da caca na Turanci suke kama da Faransanci?

Malam, ka tambaya me ya sa kalmomin farauta da karta a tsohon Turanci ba sa kama da Turanci. Laifin shekarar 1066 ne. A shekarar ne Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi, suka zama sarakai, kuma Faransanci suke ji. Farautar barewa kuwa ta zama ta masu sarauta, talaka ya taɓa ya ga ta kansa.

Ɗauki kalmar quarry. Yau ana nufin dabbar da ake bi. Amma asalinta kalmar Faransanci ce, cuirée, daga cuir, wato fata. Idan an kashe barewa, sai a feɗe ta, a shimfiɗa fatar a ƙasa, a zuba kayan ciki a kai, a kira karnuka su ci ladan gudunsu. Sunan wannan rabon karnukan ne ya koma kan dabbar kanta. Ita ma venison, naman barewa, ta wannan hanyar ta shigo. Ita kuwa deer, wadda yau take nufin barewa, tsohuwar kalmar Ingilawa ce, a da can kowace dabbar daji take nufi.

A caca, wadda ta fi burge ni ita ce hazard. Wasa ne na jefa ƙwayoyi biyu irin na ludo, ana zuba kuɗi. Mutane suka yi ta tsiyacewa a kansa har kalmar ta koma nufin haɗari. Ta Faransanci ta shigo Turanci, amma masana da yawa na ganin asalinta daga Larabci ta fito, az-zahr, wato ƙwayar jefawa. A karta kuma, trump, katin da ke cinye sauran, gutsuren triumph ne, wato nasara, sunan wani wasan ƙarni na 16.