Tambaya da Amsa: Yarona ya nace sai na saya masa kunkuru mai zanen tauraro

Tambaya: Salamu alaikum Malam, don Allah shawara nake nema. Yarona ɗan shekara takwas ya ga hoton wani ɗan kunkuru a wayata, bayansa baƙi da zane ruwan ɗorawa kamar tauraro, tun ranar ya hana ni sakat. Wani mai sayar da tsuntsaye ne ya ɗora a status, wai daga waje ake kawo masa, in na tura rabin kuɗi zai kawo min har gida. In saya?
Maman Sadik, Malali

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki tura ko sisi. Wannan da kika siffanta kunkurun Indiya ne, ana samunsa kuma a Sri Lanka da Pakistan, kuma kyan nan nasa shi ya ja masa, an yi ta kwasarsa daga daji har a 2019 aka mai da shi jerin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wato an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya na cikin wannan yarjejeniya. Mu ma muna da tamu dokar tun 1985, aka yi mata gyara a 2016, kwastam da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, na kama irin wannan kaya. To kin ga ɗayan biyu ne, ko dai fasa-ƙwauri aka yi, an cusa su a akwati ba ci ba sha da yawa sun mutu a hanya wanda ya iso ma da ƙyar yake numfashi, ko kuma hoton intanet ne kawai mutumin ya ɗauko, kina turawa ya kashe waya. Ni na fi zargin na biyun ma.

Na san za ki ce to a nemo masa namu na gida mana. Nan ma a yi hattara. Babban kunkurun nan na Sahel da ake gani a gidajen masu hali, yana jariri tafin hannu zai ɗauke shi, amma shi ne na uku a girma a duk kunkuran tudu na duniya, yana wuce kilo 40 cikin sauƙi, ga haƙa rami, zai bi ta ƙasan katanga ya ɓulla gidan maƙwabta, ya ture tukwanen fulawa, ya cinye shukar tsakar gida tas. Kuma yana haura shekara 50, wato Sadik zai gama jami'a ya yi aure kunkuru na nan a wuyanki. Shi ma ɗin ya yi ƙaranci a daji, tun 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa waje.

Sai maganar lafiya, kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonella ko da lafiyarsa lau, yaro ya taɓa ya kai hannu baki sai gudawa da zazzaɓi, shi ya sa Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Ki lallaɓa Sadik da zomo ko tantabara.

Tambaya: Malam mun gaji kunkuru a wajen kakarmu, an huda gefen bayansa an ɗaure da igiya, tuwo da shinkafa muke ba shi. Tun da damina ta kankama ya daina ci, hancinsa na fitar da kumfa. Wasu sun ce mu kai shi kogi mu sake.
Wani ɗalibi, Tudun Wada

Amsa: Kai ɗan'uwa, kar ku soma! Kunkurun tudu ba kififiya ba ne, bai iya ruwa ba, kuna jefa shi Kogin Kaduna nutsewa zai yi. Kumfar hancin nan alamar sanyi ya kama shi ne a hanyar numfashi, daminar Kaduna ta fi ƙarfin dabbar da ta saba da busasshen wuri, balle in yana ɗaure a kan siminti mai laima ba inda zai fake. Ku fara kwance igiyar, ƙoƙon bayan nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi, yana jin zafi in an huda kuma in igiya ta ci wurin sai ya ruɓe. Ku kewaye masa lungu busasshe mai ɗumi da zai samu hantsi da inuwa, da faranti mara zurfi na ruwa.

Tuwo da shinkafa kuma a daina, in irin babban nan ne ciyawa ce abincinsa, ɗanya ko busasshiya, sai ɗan ganyen rama ko yakuwa, kabewa jefi-jefi. Amma wannan ciwon ba na zama a gida ba ne, ku kai shi wajen likitan dabbobi cikin satin nan, in nan gari an ce ba a saba duba irinsa ba akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Zariya. Ku sa shi a kwali mai ƙofofin iska da tsumma busasshe, kuma kar a kwantar da shi rigingine a mota.